Kafin Ki Zaɓi Kalar Tayil, Ki Tambayi Abin Da Ke Ƙarƙashinsa

Idan ana gini ko gyara a gidanku, na san ranar da ake nemanki, ranar zaɓen kala ce. Maigida zai turo miki hotuna ta WhatsApp daga Ƙofar Ruwa ko Dei-Dei, ya ce ki duba wanne ya yi miki, mai ruwan madara ko mai zanen katako. Ki zaɓa, a yi ciniki, a loda kwalaye a mota, daga nan kuma an sallame ki sai ranar jere. Duk abin da za a yi tsakanin ƙasar fili da bayan tayil ɗin nan, an ɗauka ba huruminki ba ne, maganar maza ce da magina. To amma wa zai zauna a kan wannan daɓen? Ke ce za ki share shi ki goge sau biyu ko uku a rana, jaririnki ne zai yi rarrafe a kai yana tsintar abin da ya gani yana kaiwa baki, yaranki ne za su baje a kai su yi aikin makaranta, in zafi ya tsananta ma a nan za a shimfiɗa tabarma a kwana. Shi ya sa nake so mu tattauna a kan ɓangaren da ido ba ya gani, domin shi ne ke yanke hukuncin ko tayil ɗinki zai yi shekara 20 lafiya ko kuwa damina biyu za ta tona masa asiri.

Shi tayil, duk tsadarsa da ƙyallinsa, fata ce kawai. Kaurinsa bai fi santimita ɗaya ba, yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, kamar dai farantin tangaran. Ki ɗora faranti a kan tebur ki danna shi da hannu, babu abin da zai same shi, amma ki ɗora gefensa a kan cokali biyu ki danna tsakiya ki ga yadda zai yi. Haka tayil yake. In abin da ke ƙarƙashinsa ya cika, ya daidaita, ya bushe, kuma ba ya motsi, ko firiza kika ja a kai zai jure. In kuwa akwai rami, ko danshi, ko ƙasar tana zama, to ƙafar kujera ma ta isa ta tsaga shi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, da can daɓe aikinmu ne mu mata. Na taso na ga kakata da maƙwabtanta suna yi wa ɗakin amarya daɓe a ƙauye. Maza su kawo burji su zuba, daga nan su ja gefe. Mata ne za su durƙusa a jere kowacce da madaɓinta, ana yayyafa ruwa ana duka ana waƙa, a bari ya sha iska, a dawo a sake, sannan a bi shi da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, har ya yi duhu ya yi sulɓi. Ba a gama shi a wuni ɗaya, kuma in wata ta yi ha'inci a nata ɓangaren, tsohuwa za ta taka da dunduniya ta ce a sake. Waɗannan iyayen namu ba su san siminti ba, amma sun san ƙasa sai an daka ta ta zauna, kuma sun san daɓe ba ya son gaggawa. Waɗannan abubuwa biyu har yau su ne ginshiƙin aikin, siminti da tayil ba su canja su ba.

Bari mu fara daga can ƙasa. Bayan an fitar da harsashi an ɗaga bulo, ana cike cikin ɗakuna da ƙasa, shi ne ciko. A nan ake fara cutar mai gini, domin tifa za ta juye ƙasa, lebura su kwashe su zuba har ta cika maƙil, a watsa ruwa sau ɗaya a ce ta zauna. Ba ta zauna ba. Yadda ya kamata shi ne a zuba jar ƙasa mai tsabta kamar kaurin inci 6, a jiƙa ta daidai, a daka da injin daka ko da ƙarfe mai nauyi, sannan a ƙara wani inci 6 a sake dakawa, a haka har a kai inda ake so. Kada a yarda a cike da shara, ko baƙar ƙasar gona mai saiwoyi da ganye, domin duk abin da zai ruɓe zai bar rami a bayansa. In filinku tsohon kududdufi ne da aka cike, irin waɗanda suka yi yawa a cikin Kano, ko fadama ce, ko baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani irin firkin da ke wajen Dikwa da Ngala, to wannan ya wuce hikimar birkila, a nemi injiniya ya duba tun kafin a zuba komai. Kuɗin da zai karɓa bai kai na falo ɗaya da za a fasa a sake ba. A wannan matakin ne kuma ake fesa maganin gara, don in an rufe da kankare an rufe ke nan.

A kan cikon ake shimfiɗa fasassun duwatsu, a bi su da yashi don ya toshe ramuka ya rufe kaifinsu, sannan a zo ga abin da na fi so ki riƙe a duk wannan bayanin, wato leda. Leda ce mai kauri ta gini, ana sayar da ita a naɗe, ba irin wadda ake shanya barkono a kai ba. Ana shimfiɗa ta a duk faɗin ɗakin, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da aƙalla inci 6 a manne, gefenta kuma a ɗaga shi ya hau jikin bango. Aikinta ɗaya ne, ta hana danshin ƙasa hawowa. Kankare yana shan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir, a hankali, ba dare ba rana. In babu leda, da damina ta yi nisa za ki ga layukan da ke tsakanin tayil sun yi baƙi, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, fentin gindin bango yana kumbura yana zuba, ki ɗaga katifa ko kafet ki ji wari. Wannan warin na fumfuna ne, kuma yaron da ke da asma ko yawan mura shi ya fi shan wahalarsa. Za ki yi ta turaren wuta kina zargin kanki da rashin tsabta, alhali matsalar tana ƙarƙashin ƙafarki. A cikin kayan gini kaf, ledar nan tana cikin mafi araha, kuma ita aka fi tsallakewa, saboda babu mai ganin ta bayan an gama.

Lokacin da muke namu ginin, maigida yana aiki a wani gari, ni ce mai zuwa fili da goyo a baya. Ranar da za a zuba kankaren ƙasa, wanda magina ke kira jaman fulo, na iske an fara kwaɓi ledar tana jingine a gefe ba a kwance ta ba. Na ce wa shugaban aikin, "Malam, ba a shimfiɗa ledar ba." Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, nan ai tudu ne, ruwa ba ya kwanciya. Gidaje nawa na yi a layin nan babu ita." Na ce, "Na yarda da kai Malam, amma tunda an riga an saya, a yi haƙuri a sa." Ya sa yaransa suka shimfiɗa, yana ta mita a kan lokaci, aikin bai ɗauke su awa ɗaya ba. Ban ɗaga murya ba, ban kuma nuna masa na fi shi sanin aikinsa ba, don ban fi shi ba. Abin da na lura shi ne yawancin magina sun san daidai, amma in ba mai tambaya, sai su bi hanya mafi sauƙi.

Shi kankaren, ma'aunin da aka saba na gida shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A lissafin fili, buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon gini biyu, ke nan buhu ɗaya zai ci kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Ki tsaya ki ƙirga sau biyu ko uku, za ki gane ko ana bin ma'aunin. Kaurinsa kada ya gaza inci 4, wasu na kai shi 6, kuma in da hali a sa ragar ƙarfe a ciki don ta riƙe shi in zai tsage. Bayan an zuba, sai ban ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7. Mutane da yawa na ɗauka siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi, alhali ruwan ne ke haɗuwa da shi ya ƙarfafa shi, in rana ta ƙafar da ruwan da wuri sai ya zama mai gari-gari. Sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa.

Ga inda gaggawa ke shigowa. Biki ya matso, ko kuɗin haya ya kusa ƙarewa, ko ana so a yi sallah a sabon gida, sai a ce mai tayil ya shigo bayan mako ɗaya. Shi kuwa sabon kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya gani, amma tayil ba ya tsukewa tare da shi. In an manne su tun kankaren bai gama ba, na ƙasa yana ja, na sama yana turjewa, ƙarfin yana taruwa a tsakaninsu har ranar da zai sami hanyar fita. A wani gidan haya da muka taɓa zama, cikin wani dare na hunturu muka ji ƙara kamar an harba bindiga a falo, yara suka farka da kuka. Muka haska fitila muka ga layin tayil guda ya tashi tsaye kamar an kafa tanti, wasu sun tarwatse. Maƙwabciyata har ta fara maganar a kira malamai. Sanyin dare ne ya ƙara tsuke kankaren, tayil ɗin kuma an jera su manne da juna har jikin bango babu inda za su motsa. Mai gidan ya yi wata biyu bai gyara ba, muka yi ta rufe wurin da tabarma ina fargabar ƙafar ƙaramin ɗana, don tsagin tayil kaifinsa ɗaya da reza. Ƙa'idar da masana gini ke bi ita ce a bar sabon kankare aƙalla mako 6 kafin a ɗora tayil, da damina ma ya fi haka. Akwai gwajin da za ki iya yi da kanki: ki yanko leda kamar faɗin tayil ɗaya, ki manne gefunanta huɗu da salatif a kan kankaren, ki bar ta ta kwana. In kin ɗaga kin ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba. In babu komai, alama ce mai kyau, amma duk da haka a cika kwanakin.

Yanzu mun zo ga shimfiɗar da tayil ke kwanciya a kanta kai tsaye, kuma a nan ne zaɓi yake. Hanyar da aka fi sani a wurinmu ita ce a gauraya siminti da yashi da ruwa kaɗan, yadda in an dunƙula a hannu zai riƙe amma ba zai ɗiga ba, a baza shi kaurin inci 1 zuwa 2, a kwarara masa ruwan siminti mai kauri, a ɗora tayil a bubbuga da gudumar roba. Hanya ce mai kyau in an yi ta da gaskiya, musamman ga tayil mai jan baya ko mai shan ruwa, wanda ake jiƙawa a baho kafin a sa don kada ya tsotse ruwan simintin. Sharaɗinta shi ne ma'auni, buhu ɗaya kada ya wuce kwano 8 na yashi mai tsabta marar laka. In kika ga kwaɓin ya yi ja ko fari-fari kamar yashi zalla, an ja buhun ya yi nisa ke nan, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu abin da ke ƙarƙashin tayil ɗin zai koma gari, tururuwa da kiyashi su mai da shi gida. In kin taɓa ganin ɗan tulin yashi yana fitowa daga tsakanin tayil kullum kina sharewa yana dawowa, to abin da ya faru ke nan.

Hanya ta biyu ita ce a fara yin shafen siminti da yashi a daidaita ɗakin gaba ɗaya, a ba shi ruwa, a bar shi ya bushe kamar mako 3, sannan a manna tayil da gam. Gam ɗin tayil gari ne a buhu, siminti ne da aka haɗa da sinadarin da ke ƙara masa danƙo, ana kwaɓa shi da ruwa. A ganina, in dai manyan tayil ne masu sheƙi irin 60 da 60 ko 60 da 120 da ake yayi yanzu, waɗanda ake kira fosilen, wannan hanyar ce daidai. Dalili kuwa fosilen kusan ba ya shan ruwa, abin da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba, don haka ruwan siminti zalla ba ya samun inda zai kama a bayansa. Zai zauna kamar ya kama, bayan wani lokaci ya saki, ki taka ki ji yana ƙwas-ƙwas. Kina iya gane irin tayil ɗinki tun a shago: ki juya bayansa ki ɗiga ruwa, in ya shanye nan da nan mai shan ruwa ne, in ɗigon ya tsaya yana kallonki fosilen ne. Gam ya fi tsada, ba na musu, kuma jiran shafe ya bushe yana cin lokaci. Amma wadda ta zuba kuɗin adashinta na shekara guda a tayil mai tsada, bai kamata a yi mata tsumulmular abin da zai riƙe shi ba.

Kafin a buɗe buhun gam, a ɗora renji, wato dogon ƙarfe ko katako miƙaƙƙe na mita 2, a wurare daban-daban na ɗakin. In ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, a cike ko a goge tudun tukuna. Gam ba abin cike rami ba ne. Sannan ki lura da yadda ake shafa shi. Ana amfani da cokalin gini mai haƙora a ja layuka a miƙe, a shafa ɗan siriri a bayan babban tayil shi ma, a ɗora a murza. Abin da za ki hana, ko da za a ji haushinki, shi ne ɗige, wato a sa dunƙule huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya a danna. Yana da sauri kuma yana rage cin gam, shi ya sa masu aikin da ake biya a kan kowace mita ke son sa, amma rabin tayil ɗin a kan iska yake zaune. Ki roƙi mai aikin ya ɗaga guda ɗaya da ya sa yanzun nan ki ga bayansa. A ɗaki da falo ana so gam ya rufe aƙalla kashi 80 cikin 100, a banɗaki da tsakar gida kuwa kusan duka. Kuma kada a shafa wuri mai faɗi a tafi shan shayi, da zafinmu cikin ’yan mintoci yake yin fata a sama, in ya yi fata kuma ba zai kama ba.

Maganar tazara ita ma ta ƙarƙashi ce, ko da yake a sama ake ganin ta. Mu mata muna son a haɗe tayil ɗin ƙam ya zama kamar madubi ɗaya, masu aiki kuma sun san haka sai su biye mana. A bar milimita 2 zuwa 3 a tsakani da ’yan robobin nan masu siffar alamar tarawa, a kuma bar ɗan fili kamar rabin santimita ko fiye a jikin bango ko'ina, sikatin zai rufe shi ba mai gani. In falon dogo ne da ya wuce mita 6 zuwa 8, ko baranda ce da tsakar gida inda ranar bazara ke duka, a bar layi ɗaya a cike shi da silikon mai laushi maimakon farin siminti, a waje ma duk bayan kamar mita 3.

Banɗaki kuwa nasa daban ne. Gangaren da zai kai ruwa rariya a cikin shimfiɗar ƙasa ake yin sa, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ba a gyara shi da tayil daga baya. Kafin a sa tayil ki sa a zuba bokitin ruwa ki tsaya ki ga inda zai nufa. In ya kwanta a kusurwa ko ya nufi ƙofa, yau ne ranar gyara, in ba haka ba shekara da shekaru za ki yi kina kora ruwa da tsintsiya, wurin yana yin gansakuka, tsohuwa ko mai ciki ta zo ta zame. In banɗakin a bene yake, dole a yi masa shafen hana yoyo a kan dekin, irin na ruwa da ake shafawa da burushi sau biyu ko irin na kwalta, a ɗaga shi ya hau bango aƙalla inci 6, wajen wanka kuma ya hau sama sosai, a kula da kusurwoyi da bakin bututu domin ta nan ruwa ke sata. Bayan ya bushe a toshe rariya a tara ruwa ya kwana ɗaya ko biyu, ki sauka ƙasa ki ɗaga kai ki duba. Kada wani ya ce miki tayil ai ba ya yoyo. Shi ba ya yi, amma layukan tsakaninsa suna yi. Haka kuma duk bututun ruwan da zai bi ta ƙasa a sake masa ruwa a gwada kafin a rufe, ke kuma ki ɗauki hotonsa da wayarki ki adana, ranar da za a nemi inda ya bi ba sai an fasa rabin ɗaki ba.

Na san wasunmu na kallon bidiyon gyaran gida a YouTube da TikTok, inda za ki ga ana shimfiɗa wata tabarmar roba mai ruwan lemo mai ’yan ramuka, ko ana ɗaure wasu alluna masu ruwan toka da sukurori kafin a sa tayil. Wata ƙawata ta turo min tana tambaya ko an cuce ta ne da ba a sa mata ba. Yawancin bidiyon daga Amurka da Kanada suke, inda ƙasan gidaje da dama katako ne. Katako yana lanƙwasa, yana kumbura da danshi, shi ya sa suke ɗora allon siminti a kai don tayil ya sami abin kamawa. A kan kankare irin namu allon nan ba shi da wani aiki. Ita tabarmar, wadda aka fi sani ita ce Ditra ta kamfanin Schluter na Jamus, aikinta shi ne ta raba tayil da motsin abin da ke ƙasa, yadda in kankare ya yi ’yar tsaga ba za ta haura sama ba. Tana da amfani a kan kankare mai ƙananan tsagu, amma tana da tsada kuma ba kowane shago ke da ita ba. Gidan da aka daka cikonsa, aka sa leda, aka jira kankare ya bushe, zai zauna lafiya ba tare da ita ba. ’Yan’uwa da ke zaune a can kuwa, in za ku sa tayil a kan katako, kada ku yarda a manna kai tsaye.

Wataƙila ki ce duk wannan na mai sabon gini ne, ni tsohon gida za a gyara min. To a nan aikin farko bincike ne. A ɗaga ledar ɗaki ko kafet, a kankare gam ɗinta tas, a bi daɓen da guduma ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi amon ganga a fasa shi a cike. Tsohon daɓen siminti mai sulɓi, musamman wanda aka yi wa jan kala ko aka sha goge shi da mai, sai an sassare shi ya yi kaushi an wanke, na kicin ma a wanke da omo don maiƙo. In akwai tsaga, ki ɗora hannu ki shafa: in gefen biyu daidai suke ana iya gyarawa a ci gaba, in ɗaya ya fi ɗaya tudu to ƙasa ce ke zama, kuma tayil ɗin da aka sa a kai zai tsage a daidai wannan layin. In ɗakin mai danshi ne kuma kin san ba a sa leda ba tun farko, ana iya shimfiɗa ta a kan tsohon daɓen a zuba sabon shafe, amma kaurinsa kada ya gaza inci 2 tunda ba manne yake da na ƙasa ba. Wannan zai ɗaga ɗakin, don haka a auna ƙofofi tukuna, musamman na ƙarfe da ba a iya yanke musu gindi cikin sauƙi, a kuma tabbatar banɗaki ya zauna ƙasa da ɗaki ko da da inci ɗaya ne.

Wajen biya, shawarata ita ce ku yi magana da maigida a riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai an duba, kuma a faɗa wa mai tayil haka tun ranar ciniki don kada ya zama rigima. Bayan an gama a hana yara da masu fenti takawa na kwana ɗaya in da gam aka yi, kwana biyu ko uku in da siminti ne. Sannan ki ɗauki muciya ko makulli ki bi ɗaki-ɗaki kina ƙwanƙwasa kowane tayil, tsakiya da kusurwoyi. Mai kyau amonsa a cike yake, mai rami kuwa kunnenki zai gaya miki. Ki sa masa alama da alli ko salatif, a cire a sake tun mai aikin bai kwashe kayansa ba. Manyan yara suna jin daɗin wannan aikin, ki ba kowa ɗaki ɗaya. Tun wajen saye a ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kuma kwali ɗaya ko biyu da suka rage kada ki bari a mayar shago ko a yi kyauta da su, domin bayan shekara biyu da wuya ki sami irinsa, in ma kin samu kalar takan ɗan bambanta. Ki sa a jingine su a tsaye a sito, a wurin da yara ba sa hawa.